Yadda Aka Nemi Aurena ta Cikin Rediyon Baba

Masu turo mini saƙo kuna tambayar ko lafiya na yi shiru kwana goma sha biyu, lafiyata ƙalau, wayata ce ta shiga hannun hukuma. Ba ɓarawo ne ya fizge ta ba, Baba ne ya ɗauke ta aiki ba albashi. Ku gyara zama, don abin da ya faru a falonmu, ni da aka yi a gabana ma in na tuna sai na cusa fuskata cikin filo.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga ni a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai. Yayyena uku duk sun yi aure sun watse, sun bar ni da Baba da Mama. Ina aiki a shagon gilashin ido, ni ce mai zaunar da mutum a kujera in rufe masa ido ɗaya in ce karanta mini layin ƙasa. Sai Gwaggo, yayar Baba, da ta zo jinyar gwiwa ta sati biyu, yau wata tara ke nan. Gwiwa ta warke har kujera take takawa ta sauko da tukunya daga saman kabad, amma duk gidan ba mai ƙarfin halin tambayarta ranar komawa.

Sai kuma shi. Sannu-sannu nake ce masa, ya kuma amsa sunan. Gyaran lif yake yi, akwatin nan da ke hawa da mutane dogayen benaye. A shagonmu muka haɗu, ya zo da gilashinsa gida biyu a tafin hannu, wai ƙofar lif ce ta matse shi. Mutum ne mai natsuwa, mai tsabta, ga haƙuri kamar ya yi yawa. Matsalarsa ɗaya, in'ina. In mu biyu ne ba ta cika damunsa ba, amma da ya ga Baba sai harshensa ya ɗaure. Shekara biyu yana zuwa gidanmu duk Lahadi, ya zauna a gefen kujera kamar wanda ya zo karɓar sakamakon asibiti, ya fara “ina yi-yi-yi”, Baba ya ce “lafiya lau”, shi ke nan an gama hirar ranar.

Farkon watan nan Gwaggo ta tsare ni a kicin ina wanke kofuna.

“Auta, wannan yaron naki kurma ne ko maƙetaci?”

“Gwaggo, kunya ce.”

“Kunyar shekara biyu? Ko kunkuru ne ai ya iso. Na ba shi ƙarshen wata. In bai buɗe baki ya faɗa wa ubanki abin da ke kawo shi ba, ɗan ƙawata likitan kaji yana nan. Ga mota, ga tumbi, ga magana kamar famfo.”

Na taɓa ganin likitan kajin sau ɗaya. Minti arba'in ya yi yana ba ni labarin murar kaji, ko sunana bai tambaya ba.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, wanda Baba da Mama ma ba su sani ba, ni ma ina da nawa ƙarshen watan. Na nemi gurbin karatun duba ido na shekara ɗaya da rabi a wata makaranta mai nisa, tafiyar yini guda a mota, kuma sun ɗauke ni. Takardar tana cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gadona, ƙarshen wata za a rufe karɓar amsa. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin Mama da niyyar faɗa mata, sai in tarar tana ninke kayana da ta wanke ba tare da na sa ta ba, sai in ce na zo aron allura ne. Sannu-sannu kaɗai na gaya wa.

To, yanzu ga rediyo. A kusurwar falonmu akwai wani akwatin katako mai ruwan ƙasa wanda ya girmi dukkanmu, da sifiku biyu, kowanne ya kai ƙugun mutum. Baba ya saye shi tun yana sabon ma'aikaci a ofishin duba yanayi. Bakin kaset ɗinsa ya daɗe da zama maciyi, duk abin da aka saka masa sai ya tauna ya tofar. Tasha ɗaya yake kamawa, ita ma rabinta shuuu ne. Mama ta lulluɓe shi da farin ƙyalle mai huda-huda, ta ɗora furen roba a kai, ya zama kamar kabarin wani babban mutum a tsakar ɗaki.

Ranar Lahadin da ta wuce waccan, Sannu-sannu ya zo cikin shuɗiyar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana yanka, riƙe da wani ɗan abu baƙi da bai fi akwatin ashana ba. Ni ina sanye da doguwar rigata mai ruwan toka da farin mayafi, na kawo shayi na tsaya ina kallonsa. Ya nuna rediyon, ya nuna kansa. Baba ya ɗaga kai alamar bismillah. Ya durƙusa a bayan akwatin, ya soka wayoyi biyu, ja da fara, ya jona ɗan abin a wuta, ya fito da yanar gizo-gizo a gashinsa. Wata ƙaramar shuɗiyar wuta ta fara ƙiftawa. Ya danna wayarsa, sai sifikun nan da muka ɗauka sun mutu suka ce ɗin-ɗon.

“Ba-Baba, wa-wace waƙa?”

Baba ya yi dariyar rainin hankali, ya faɗi wata tsohuwar waƙa ta zamanin samartakarsa, wadda kaset ɗinta rediyon ya cinye tun ina firamare. Sannu-sannu ya ɗan yi danne-danne. Sai ga ta, garau, ta cika falon har kofuna na rawa a kan tire.

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Baba ya cire gilashinsa ya riƙe har waƙar ta ƙare. Sannan ya miƙe ya zagaya bayan rediyon ya leƙa.

“Ina kaset ɗin?”

“Ba-babu, Baba. Adafta ce, ta bulutut. Daga waya ta-take zuwa, ta iska.”

“Ta iska?” Baba ya dube shi sama da ƙasa. “Yaro, shekara talatin da uku na yi ina auna iska safe da yamma, ban taɓa kama ta ɗauke da waƙa ba.”

Daga ranar ɗan abin ya sami suna, Ɗan Tsako, ni kuma na shiga uku. Wayar Baba mai maɓallai ce, ta Mama ma haka, Gwaggo kuwa ta ce ba za a haɗa tata da aljanin da ba ta san iyayensa ba. Saura tawa. Ina dawowa daga aiki, kafin in cire takalmi, sai in ji, “Auta, kawo tashar.” Wai ni ce tashar.

Ashe Ɗan Tsako yana da iyaka, in waya ta yi nisa da shi sai waƙa ta fara yankewa. Baba ya auna da ƙafa, taku goma sha ɗaya, ya manna jan salatif a ƙasan barandar ciki. Ɗakina kuwa taku goma sha uku ne. Da na tsallake salatif sai in ji ihu daga falo.

“Auta, dawo! Mawaƙin yana shaƙuwa!”

Duk saƙon da ya shigo mini kuma sai ya yi ƙara a cikin sifiku kamar an buga ƙararrawar makaranta. Gwaggo tana zaune tana ƙirgawa. “Na sha huɗu ke nan. Wa ke nemanki haka, ke ba 'yar sanda ba?” Wannan ne dalilin shiruna, jama'a. Ta yaya zan rubuto muku sirrina alhali wayar tana kan teburin falo tana yi wa Baba kiɗa?

Ranar Litinin ta sati na biyu na dawo da wayata a mace, caji ya ƙare tun a shago. Na jona ta a ɗaki na bar ta a kashe, na fito falo ina jin daɗin 'yancin rabin awa. Baba yana zaune yana hararar Ɗan Tsako da ke ƙifta wutarsa shi kaɗai. Mama tana gyaran maɓallin riga, Gwaggo tana ɓare gyaɗa. Biyar da rabi daidai, ba wanda ya taɓa komai, sai muka ji ɗin-ɗon.

Sai gyaran murya. Sai wata murya ta namiji, mai zurfi, a natse, ba gargada ko ɗaya.

“Gwaji na ɗaya. Baba, ina yini. Na zo ne a kan maganar Auta. Na san na daɗe ina shan shayinku ban ce komai ba... A'a, wannan bai yi ba, kamar na zo biyan kuɗin shayi.”

Gyaɗar Gwaggo ta zube. Mama ta soke yatsarta. Ni kuwa na san muryar, amma ban taɓa jin ta tana tafiya a miƙe haka ba, kamar mai karanta labarai.

Maganar ta sake farawa daga farko, wannan karon da ƙarfi. Ta sake, da ƙarfin da ya fi na baya, har furen roba ya faɗo. Baba ya yi wuf ya rage murya, ya lallaɓa ya ɗaga gefen labulen tagar baya, wadda ke kallon lungu. Na leƙa ta ƙarƙashin hannunsa. Farar motar aikin Sannu-sannu ce a fake daf da bangonmu, gilasai a rufe. Yana ciki yana jijjiga wayarsa, yana kara ta a kunne, yana bubbuga ta a cinya.

Nan na gane komai. Ɗan Tsako bai manta wayar da ya fara sani ba. Da ya ga tawa ba ta nan, ya ji ƙamshin ta ubangidansa a bayan bango, sai ya kama ta. Shi kuma bawan Allah yana naɗar muryarsa ne don ya saurara ya gyara, in ya kunna sai ya ji shiru, sai ya ƙara murya. Ga mai walda a bakin lungun yana ta yankan ƙarfe, ko bango ne ya faɗi ba zai ji ba.

Na juya zan fita in gaya masa. Baba ya riƙe gefen mayafina.

“Ina za ki?”

“Baba, bai san muna ji ba.”

“Shi ya sa yake magana. Yaro yana shiri, a bar shi ya shirya. Duk wanda ya gaya masa, ni da shi ne.”

Ranar ya yi gwaji huɗu, sannan ya tayar da mota ya tafi, ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba.

Talata tun biyar saura Baba ya kafa doka. “Auta, kashe tasharki, akwai shiri.” Mama ta dafa shayi ta kawo biskit. Gwaggo da ta ce ba ruwanta da aljani ita ta fara jawo kujera kusa da sifika. Baba ya ɗauko tsohon littafin da yake rubuta yawan ruwan sama, ya ja layi, ya fara ba da maki.

“Gwaji na shida. Baba, ni ba mai arziki ba ne, amma duk lif ɗin da na gyara bai taɓa faɗowa da kowa ba.”

“Bakwai cikin goma,” in ji Baba. “Ya kawo hujja.”

“Hujjar me?” in ji Gwaggo. “Lif za ta aura?”

“Gwaji na tara. Baba, Auta ita ce hasken idona...”

“Wayyo,” in ji Mama, tana dafe ƙirji.

“Huɗu,” in ji Baba. “Ya saci maganar daga shagonsu.”

A gwaji na sha ɗaya ya manta bai tsayar da naɗin ba, muka saurare shi minti uku yana cin ayaba yana yi wa kansa faɗa. “Kai wane irin mutum ne? Ka shiga ramin lif mai hawa ashirin ba ka ji tsoro ba, tsoho ɗaya mai gilashi ya gagare ka?” Baba ya yi dariya har da tari, ya ba shi tara.

Ni fa? Ina zaune a hannun kujera, rabina dariya, rabina kamar in nutse. Don in sun watse sai saƙonsa ya shigo.

“Malamar ido, wayata ta samu matsala.”

“Wace iri?”

“Duk na zo unguwarku sai ta kurmance. Na kai wa mai gyara sau biyu, ya ce lafiyarta ƙalau, har ya tambaye ni ko ina barci sosai.”

“Me kake zuwa yi unguwarmu?”

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi: “Akwai wani lif a kusa.”

Unguwarmu ko bene mai hawa uku babu. Na rubuta “rediyon Baba ne”, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ku faɗi gaskiya, ku da kuke shirin zagina a ƙasan rubutun nan, wace ce a cikinku za ta ji ana yabonta da irin wannan murya kullum biyar da rabi ta yi saurin kashe tashar? Shekara biyu ina jiran kalmomin nan. Na san satar ji muke yi, na kuma san ranar da ya gane zai so ƙasa ta tsage. Amma na yi shiru, har Juma'a, gwaji ashirin da biyu.

Asabar ba na zuwa aiki. Na sa atamfata koriya mai ɗigon fari, na ɗaura ɗankwali, har da ɗan jan baki, don zuciyata tana ba ni yau zai shigo. Gwaggo ta dube ni ta ce, “Kwalliyar rediyo ake yi?” Biyar da rabi, ɗin-ɗon.

“Gwaji na ashirin da uku.” Ya gyara murya. “Baba, duk waɗancan na zubar da su, don kaina kawai nake roƙa wa a ciki. Ga gaskiyar magana. Auta ta sami gurbin karatun duba ido, shekara ɗaya da rabi, kuma ƙarshen watan nan za a rufe. Takardar tana hannunta sati biyar, ta kasa faɗa muku, don tana ganin in ta tafi ba mai kula da ku. Ni na ga yadda take yi wa tsofaffi gwaji a shago, tana haƙuri da su har su daina jin kunyar cewa ba sa gani. Baba, ku bar ta ta tafi. Duk abin da take yi muku a gida, sayayya, kai Mama asibiti, canza ƙwan fitila, ni zan yi. Maganata ni kuma za ta iya jira, na saba.”

Ba wanda ya ba da maki. Baba ya rufe littafin, ya murɗa rediyon ƙasa gaba ɗaya.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

“Kawo takardar.”

Na tsallake jan salatif, na jawo kwalin takalmi, na kawo. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Amma ba shi nake tsoro ba. Mama nake kallo, ta ajiye kofinta tana murza zoben hannunta.

“Sati biyar,” ta ce, a hankali. “Mai gyaran lif ya sani, ni da na haife ki ban sani ba. Allura nawa kika ara a ɗakina, Auta?”

Nan hawaye ya ɓalle mini, jan baki da komai ya dame. Na durƙusa a gabanta na ce ban san ta inda zan fara ba ne, kowa ya tafi, ni kaɗai na rage, ina jin kamar in na ce zan tafi na ce na gaji da su ne.

“To da kika zauna kina kallonmu da ciwo a ciki, mu riba muka ci?” Ta goge mini fuska da gefen zanenta, da ɗan ƙarfi, yadda take yi mini ina yarinya. “Mun haife ki ne don ki tsare mu?”

Gwaggo ta buɗe baki, “Ni dai likitan kaji...”

“Yaya, don Allah,” in ji Baba. Tunda nake ban taɓa jin ya katse ta ba.

Na miƙe na ɗauki wayata na kunna. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, yau zan karya dokarka. Abin da muke yi wa bawan Allahn nan bai dace ba.” Bai hana ni ba. Ya mayar da muryar rediyon inda take, ni kuma na rubuta: “Wayarka lafiyarta ƙalau. Duk abin da ka kunna, rediyon Baba ne ke faɗa a falo. Tun Litinin. Ka yafe mini.”

Na tura. Ƙarar shigar saƙon a wayarsa ta fito ta sifikunmu, ƙwal, muka zabura gaba ɗaya.

Can sai muka ji an tayar da mota.

Ban san Baba yana da sauran gudu ba. Ya yaye labule, ya banke taga, ya zura kai har kafaɗa.

“Kai! Kashe motar nan! Ka sauke gilashi!”

Motar ta mutu. Gilashi ya sauka a hankali. Ina hango gefen fuskarsa, gumi kamar an watsa masa ruwa.

“Shigo ciki mu yi magana.”

“Ba-ba-ba-ba...”

Baba ya jira, ya jira. Sannan ya ce, “To tsaya. Zauna inda kake. Yi yadda ka saba, mu muna ji ta nan.”

Haka aka yi, wallahi. Taku shida ne tsakaninsu. Baba ya yi tambaya ta taga da ihu, Sannu-sannu ya ɗaga gilashi, ya sunkuya ya naɗi amsa, ya kunna, amsar ta fito ta bayan Baba, Baba ya juya ya saurari rediyo, ya sake juyawa taga. Mai walda ya kashe injinsa ya zo ya jingina da bango.

“Ka ce za ka riƙa kai mamanta asibiti. Da wannan motar mai warin man inji?”

Gilashi ya hau. Muka jira.

“Zan wanke ta, Baba. Zan sa labule.”

“In ta je can ta ga wani likitan ido mai kwat da ɗaurin wuya ta ce ta fasa fa?”

Wannan karon jiran ya yi tsawo.

“Zan ji ciwo, Baba. Amma karatun dai ta riga ta yi shi, ba mai ƙwace mata.”

Mama ta ce “Allah sarki” a ƙasan maƙoshi. Gwaggo ta ja tsaki, amma na ga ta jawo gefen mayafi tana goge hanci.

Baba ya juyo ya miƙo mini takardar. “Litinin ki aika musu amsa. Ki ce kina zuwa.” Kafin in sami bakin godiya ya riga ya mayar da kai taga. “Batun karatu an gama, za ta tafi. Saura ɗayan. Kwana shida kana cika mana kunne da Auta, Auta. Ita me ta ce da ka tambaye ta?”

Gilashi ya hau. Minti ɗaya, minti biyu. Har mai walda ya leƙa motar ya ga ko lafiya.

“Ban taɓa tambayarta ba, Baba.”

Duk falon aka juyo ana kallona. Sai a lokacin ni ma na lura. Shekara biyu, ya gyara mini fanka, ya raka ni cire haƙori, ya san lambar takalmina, ya yi gwaji ashirin da uku a kan Baba, amma ni ko sau ɗaya bai ce mini “kina sona” ba, balle “za ki aure ni”. Ni ma kuma, don in yi wa kaina adalci, ban taɓa zama na tambayi kaina amsar da zan ba shi ba in har ya tambaya, ga tafiya a gabana, ga shekara ɗaya da rabi.

“Ikon Allah,” in ji Gwaggo. “An gina bene ba a haƙa tushe ba.”

“To tambaye ta yanzu,” Baba ya ƙwala ta taga. “Ga ta nan tsaye, tana jin ka.”

Muka zuba wa sifiku ido. Sai muryar ta fito, gajeriya.

“Wannan ba ta rediyo ba, Baba.”

Ɗin-ɗon. Shuɗiyar wutar ta koma ƙiftawa, ya cire wayarsa. Muka ji an buɗe ƙofar mota, an rufe. Takun ƙafa ya zagayo lungu, ya tsaya. Aka ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu sau uku.

Mama ta gyara mini ɗankwali, ta dangwali yawu ta goge mini baƙin kwallin da ya gangaro, ta tura ni. Na bi baranda da takalmi ƙafa ɗaya, takardar makaranta a hannuna duk ta yamutse. Na buɗe.

Yana tsaye, riga ta manne masa a jiki, gilashinsa ya yi hazo, ya bar wayar a mota. Ya dube ni, ya ja numfashi kamar mai shirin nutso.

“Au-Auta. Za-za-za ki...”

Na riƙe ƙofar da hannu biyu, na yi alkawari a raina ko zai kai gobe ba zan ƙarasa masa ba. Daga bayana, can cikin baranda, na ji an jawo kujeru uku, sai muryar Baba:

“Yaro, ɗaga murya! Mu nan ba ma ji!”